Kunne da Beben Ruwa

A gidan buga littattafan da ya yi wa aiki shekara talatin da shida, ba wanda ya taɓa kiransa da sunan yanka. Kunne ake ce masa, tun daga mai gadi har mai kamfanin, kuma ba don kunnuwan nasa sun fi na kowa faɗi ba, ko da yake tsakani da Allah ba ƙanana ba ne. Yadda yake aiki ne ya jawo masa. In inji ya fara rigima, sauran ma'aikata sai su kwaso sifana su hau kwance-kwance. Shi kuwa sai ya zaro wata doguwar sukundireba mai mariƙin katako daga aljihun rigar aiki, ya dafa bakinta a jikin injin, ya manna mariƙin a ƙashin bayan kunnensa, ya lumshe ido kamar mai gyangyaɗi. Minti ɗaya, minti biyu, sai ya buɗe ido ya ce, "Boris ɗin rola ta uku ne, na hagu. Ya kwana biyu yana kuka ba ku ji ba." A kwance, a tarar haka ɗin ne.

Gajeren mutum ne, marar yawan magana, mai baƙin farce. Tawada ta shiga ƙarƙashin faratansa ta yi gida, ba sabulun da bai gwada ba. Matarsa, wadda yake kira Manaja saboda ita ke juya gidan da shi kansa, ta daɗe da gano wani abu game da faratan nan: duk ranar da Kunne zai yi ƙarya, sai ya sunkuyar da kai yana dubansu kamar yau ya fara ganinsu. Ba ta taɓa gaya masa ta sani ba. Wace mai hankali ce za ta faɗa?

Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango da takardar yabo, shi kuma ya sa sukundirebarsa a aljihu ya taho. Abin takaicin shi ne injin ya biyo shi gida. A falo yana nan, a banɗaki yana nan, a layin sayen burodi ma yana nan cikin kansa, zuuu, da wani taf-taf-taf a ƙarƙashi, irin na takarda in tana faɗawa kan 'yar'uwarta. Wata shida yana jira a tashi daga aiki, ba a tashi ba. Sai ya shirya shi kaɗai ya tafi asibitin kunne, bai gaya wa kowa ba.

Aka sa shi a wani ɗan ɗaki mai bangon soso, aka rufe masa kunnuwa da abin sauraro, aka ba shi madanni a hannu, wai duk sanda ya ji ƙara ya danna. Ya gyara zama yana murmushi, don in dai ji ne, ai an zo gidansu. Ya jira a fara. Ashe an daɗe da farawa.

Likitan matashi ne, bai fi sa'ar babban ɗansa ba, amma bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce, "Baba, na hagu ya riga ya tafi. Na dama yana bin sa. Sirara-siraran sauti za su fara ɓacewa, kukan tsuntsu, ɗigar ruwa, ƙarar cokali a kofi. Muryar mutane ita za ta rage ƙarshe. Shekara ɗaya, in an yi sa'a ɗaya da rabi. Ka guji hayaniya, ko za ta ɗan ja maka lokaci."

Kunne ya ce, "To Likita, in ya tafi duka, wannan injin na cikin kaina zai tafi tare da shi?"

Likita ya juya biro a hannu. Ya ce ba zai yi masa alkawari ba. Wasu sukan sami shiru, wasu kuwa abin da kai ya saba ji shi yake ci gaba da juya musu.

Wannan maganar ita ta tsaya masa a rai, ba kurumtar ba. Kurumta ƙaddara ce, ya karɓa. Amma a ce a rufe shi a ɗaki ɗaya da injin buga takarda har ƙarshen ransa, ba ƙofa ba taga? Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, har ya wuce tashar da zai sauka bai sani ba. A kujerar bas ɗin nan ya yanke shawara: kafin ƙofar ta rufe, zai shigar da wani sauti ciki, ya yi ta ɗura shi safe da yamma har kai ya saba da shi ya saki injin. Da ya isa gida Manaja ta tambaye shi ina ya shiga, ya ce ya leƙa likita ne, ba wani abu, an dai ce ya guji hayaniya. Bai dubi farcensa ba, don abin da ya faɗa gaskiya ne, rabinta kawai ya bari a aljihu.

Sautin da yake so kuwa bai sha wahalar nemansa ba, yana nan ajiye tun yana ɗan shekara shida. An yi ruwa an ɗauke. Yana kwance da zazzaɓi a gefen mahaifiyarsa, tana ɗinkin hannu. A waje indararo yana tsiyayar da sauran ruwan rufi cikin wani farin daro mai shuɗin baki. Da fari tan, tan, tan, da ƙarfi, ƙarfe na amsawa. In ruwa ya rufe gindin daron sai muryar ta yi laushi, ta koma tulum, tulum, da 'yan ƙananan ɗigo suna bi a baya kamar yara na bin babba. Ɗakin na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, hannunta mai sanyi na sauka a goshinsa lokaci-lokaci. Bai taɓa jin lafiya irin ta ranar da ba shi da lafiyar nan ba. Mahaifiyar ta rasu da daɗewa, gidan an rushe an yi shaguna, amma daron bai daina cika a kansa ba, sai dai inji ya danne shi.

Bayan gidansu ba wani fili ba ne, taku goma sha ɗaya a tsaye, bakwai a kwance. Akwai igiyar shanya, da tsohon firji da ya koma ma'ajiyar kusoshi, da bishiyar lemun tsami da ba ta taɓa yin 'ya'yan kirki ba. Nan ya tsaya wata safiya da kofin shayi ya ce, "Manaja, ruwa nake so a yi mini a nan."

Ta ɗago daga kan wanki. "Ruwa? Famfon ya yi maka laifi ne?"

"Mai gudu nake so. Wanda zai riƙa zuba."

"Ikon Allah. Malam, kifi za ka koma da tsufanka?"

Ya yi dariya. Ita kuma da ta ga kwana uku yana auna wurin da ƙafa, sai ta kira Auta. Auta ita ce ƙaramarsu, tana aiki a kantin magani, kuma irin 'ya'yan nan ne da in suka ɗauki lamarin iyaye sai sun fi iyayen zafi. Ta ce, "Baba, bar mini wannan." Ta zauna da waya ta tace 'yan kwangila ɗaya bayan ɗaya, ta duba hotunan ayyukansu, ta karanta abin da mutane suka rubuta a kansu, har kiran waɗanda aka yi wa aiki ta yi tana tambaya ko ruwan na yoyo.

Na farko ya zo da mota da ta toshe layin, turarensa ya riga shi shiga gida. Ya buɗe kundin hotuna, wuraren iyo shuɗaye shar, da farin tayil da tsani na azurfa. Ya ce a sare lemun tsamin, a ture katanga, a roƙi maƙwabci taku huɗu. Wurin iyo, jama'a, ga mutumin da ko a baho ba ya sakin jiki! Kunne ya bar shi ya gama, sannan ya ɗauko buta ya tsiyaya ruwa a bokiti daga sama, ya ce, "Me ka ji?"

Mutumin ya dubi Auta, ya dubi bokitin. "Ruwa na ji, ranka ya daɗe."

"To madalla. Za mu neme ka."

Na biyu ya ce Talata, ya zo bayan sati biyu, ba tef ɗin awo ba takarda, kuma duk abin da aka tambaye shi sai ya ce ba matsala. Magudana fa? Ba matsala. Wayar lantarki kusa da ruwa? Ba matsala. Manaja daga kicin ta ƙirga masa goma sha ɗaya, ta leƙo ta taga ta yi wa Auta alama da ido a sallame shi. Wani kuma ya kawo hoton zaki na siminti yana aman ruwa, da fitilu masu canza launi, har da wurin sa kiɗa. Shi ma aka tsiyaya masa buta, shi ma ruwa ya ji. Ran nan Auta ta kai wuya. Ta ce, "Baba, don Allah ka daina yi wa mutane jarrabawar butar nan, kunya kake ba ni." Ta ɗauke butar ta kai bayan firji ta ɓoye.

Wata biyu suka tafi a haka, shi kuwa yana ji a jikinsa ana cin kwanakinsa. Ya lura ya daina jin agogon da aka ba shi sai ya matsa kusa. Yakan zauna a bayan gidan da hantsi ya rufe ido, ya ga wurin ya cika da ruwa, katangar ta narke, igiyar shanya ta zama bakin rufin gidansu na da, har ya ji kamar za a taɓa masa goshi. Sai injin ya ce zuuu, ya buɗe ido ya ga firji.

Ta ƙarshe kuwa Injiniya ce, wata mai sayen magani ce ta ba Auta lambarta. Ta zo a kan lokaci, siririyar mace da takalmin aiki duk ƙura, da ɗan littafi a hannu. Ba ta buɗe hoto ko ɗaya ba. Ta durƙusa ta duba inda ƙasa ta karkata, ta tambayi ina rana ke faɗowa da yamma, ina wayar wuta ta bi, ina ruwa zai tafi in an zo wanke wurin. Ta dafa lemun tsamin ta ce wannan ba mai taɓa shi. Kunne ya ji ta kwanta masa. Ya waiga neman buta, babu.

Sai ta rufe tef ɗin awonta ta dube shi ta ce, "Baba, me kake so ruwan ya yi maka?"

Duk cikin masu zuwa ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Gaskiyar ta taso masa har maƙogwaro, daron, da indararo, da shekara ɗayan da likita ya yanka masa. Amma ga Manaja tsaye da kwando, ga Auta da waya a hannu, kuma shi ne fa Kunne. Yaya zai buɗe baki a gaban matarsa da 'yarsa da baƙuwa ya ce kunnen ya ƙare? Ya haɗiye. Ya ce, "Kunnena nake so ya huta, 'yata. Shi ke nan."

Auta ta yi caraf ta ce, "Likita ya hana shi hayaniya. Shekara talatin da shida yana cikin ƙarar inji."

Injiniya ta gyaɗa kai cikin tausayi, ta rubuta kalma biyu a littafinta ta ja musu layi. Kunne ya ga ta rubuta, ransa ya yi fari, ya ce a zuci yau dai an sami mai fahimta. Mutumin da ya yi rayuwarsa a gidan da ake duba rubutu kafin a buga, ran nan bai ce a nuna masa ba.

Da yake za a fasa siminti da injin huda, sai aka haɗa baki aka tura shi gidan babban ɗansa na kwana goma, don kada ƙara ta taɓa shi. Ya tafi ba don yana so ba. A can kullum da safe yakan buga cokali a bakin kofi ya saurara. A rana ta bakwai ya ga tsuntsaye a kan waya bakinsu na motsi, ya tsaya ya juya musu kunnen dama, bai sami komai ba. Ya koma ɗaki ya ninke kayansa tun saura kwana uku.

Ya dawo da hantsi. Auta ta karɓe jakar ta riƙo hannunsa, Manaja na biye, Injiniya na tsaye a gefe tana goge hannu. Kai, aiki ya yi kyau, wannan ba a ja. An ta da wani baƙin dutse mai santsi, tsayin mutum, a jikin katanga. Ruwa na fitowa daga samansa ya bi fuskarsa ya sauko a shimfiɗe kamar gilashi, ya shige tsakanin fararen tsakuwa ya ɓace. Ganyen lemun tsami na rawa a cikinsa, da gajimare guda. Kunne ya tsaya ya jira sautin ya iso.

Bai iso ba. Ya matsa taku biyu, ya juya kunnen dama. Ruwa na zuba a gabansa, yana ganinsa da idonsa, amma abin da ke kansa zuuu ne da taf-taf-taf. Ya ji Auta sarai tana cewa, "Baba, ya ka gani?" sai maganar likita ta faɗo masa: sirara za su fara tafiya, murya ce ƙarshe. Ya makara ke nan. Yana can yana tsiyaya wa mutane buta, ƙofar ta rufe da injin a ciki.

Amma ya ga fuskar 'yarsa, ya ga Injiniya, yarinyar da ta yi kwana goma a rana saboda shi. Sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai yana duban farcensa. Ya ce, "Kai, madalla! Kun ji zaƙin ƙararsa kuwa? Sak ruwan indararo." Har da gyaɗa kai a hankali, wai yana bin sautin.

Auta ta ƙyalƙyale da dariya ta ce Baba da zolaya. Injiniya ta yi ɗan murmushin wanda bai gane wasan ba. Manaja ba ta yi dariya ba.

Ta bari sai da kowa ya watse, rana ta karkata. Yana nan zaune a gaban dutsen tun ɗazu, ko abinci bai taɓa ba. Ta jawo kujera ta zauna ta damansa. Ta ce, "Malam, ni kunnena ya tsufa. Faɗa mini yadda yake kuka."

Ya faɗa mata kuwa. Ya ce da fari tan, tan, ƙarfe na amsawa, sannan ya yi laushi ya koma tulum, da ƙanana suna bi a baya. Ya ce in ka saurara da kyau har ƙamshin ƙasa za ka ji. Idonsa na kan yatsunsa. Ta bar shi ya kai aya.

"Ƙarya kake yi," in ji ta.

Ya ɗago.

"Ruwan nan bebe ne, Malam. Ba ya cewa komai. Ni ban ji ba, Auta ba ta ji ba, wadda ta gina shi ma ba ta ji ba. Haka aka yi shi, don kunnenka ya huta. Wane ƙarfe ne zai amsa a jikin dutse?"

Bai gane ba, ko kuma ya ji tsoron ganewa. Sai ta tashi fuu ta shiga ciki, ya ji ana ture-turen kaya, ta fito da tsohon daron da ta yi wa 'ya'yansu uku wanka a ciki suna jarirai, fari ne, bakinsa duk ya ɓantare. Ta dire shi a gabansa, ta zaro butar daga bayan firji, ta ɗaga hannu sama ta tsiyaya.

Tarrr, tan, tan, tan.

Ya ji. Can nesa, kamar daga gidan maƙwabta, amma wallahi ya ji. Kunne ya dafe bakin daron da hannu biyu ya fashe da kuka, irin kukan da bai yi ba ko ranar da aka binne mahaifiyarsa. Cikin kukan ya gaya mata duka, na hagu da na dama, da shekara ɗaya, da tsoron da yake ji na a bar shi da inji.

Ta ji tausayinsa, amma haushi ya fi yawa, kuma ba ta ɓoye ba. "Shekara arba'in ina wanke maka riga mai tawada, sai ka rasa wanda za ka ɓoye wa sai ni? Da ka faɗa, da tun ranar ban zauna ina tsiyaya maka da hannuna ba? Wata biyu ka bari muna kallon zakin siminti!" Ta share ido da gefen mayafi, ta sake cika butar.

Washegari Injiniya ta dawo. Da aka yi mata bayani ta zauna a kan firji ta riƙe kai. Ta ce, "Baba, kwana uku na yi ina kashe ƙarar nan. Injin tura ruwan ma a akwatin soso na binne shi. Ban taɓa yin aikin da na yi alfahari da shi kamar wannan ba." Ta buɗe littafin ta nuna masa kalma biyun da ta ja wa layi: ba ƙara. Ya karanta, ya ce rubutu ya fita tsaf, mai ba da aikin ne ya kawo kuskure. Ya ba ta haƙuri, ta ce sai dai ita ta ba shi, suka yi ta yi har Manaja ta ce in sun gama ga aiki can yana jira.

Kwana biyu suka yi a kai, shi da ita. Ta tsaga bututun jan ƙarfe biyu ta kafa rabin a saman dutsen ya zama ɗan indararo. Suka gwada bokitin roba, ya ce wannan gawa ce. Suka gwada tukunya, ya ce ta cika surutu. Aka dawo kan daron Manaja. A ɗaga bututun yatsa biyu, a sauke ɗaya, a sa tsakuwa ƙarƙashin gefe guda don gindin ya sami wurin amsawa. Ya zaro sukundirebarsa ya dafa a bakin daron, ya manna mariƙin a bayan kunne, ya lumshe ido. Injiniya ta kalle shi ta ce a ba ta ta gwada. Ta ɗora, idonta ya buɗe, ta ce, "Baba, ashe murya uku gare shi!" Ya ce huɗu ne, ta ƙara saurare. A ƙarshe ta huda 'yar ƙofa a gefen daron yadda zai cika a hankali ya zube ya sake farawa, don a sami tan ɗin da tulum ɗin duka.

Auta ta zo ta ga ɓantararren daro a gindin dutsen da aka sha wahala a kansa, ta buɗe baki za ta yi magana, uwar ta ja ta ɗaki. Da ta fito idonta ya yi ja. Ta durƙusa ta damansa ta ce, "Baba, ka yafe mini butar." Ya ce ai butar ma ta huta.

Daga nan ya kama sabon aiki, kuma bai taɓa makara ba. Da safe ya fito da shayinsa ya zauna, fuskarsa ga lemun tsami, kunnen dama ga ruwa, ido a rufe. Ɗura yake yi. Wani lokaci katangar takan narke, ya ji ƙamshin ƙasa, ya ji zare na bin allura. Abubuwa suka riƙa tafiya ɗaya-ɗaya ba sallama. Agogo ya tafi, ƙwanƙwasa ƙofa ta tafi. Ya matso da kujera kusa, daga baya ya koma sai da sukundireba. Muryar Auta ta tafi. Ta Manaja ce ta ƙarshe, ta yi wata goma sha huɗu tana faɗa masa ya sha magani, sannan wata safiya ya ga bakinta kawai. Ta sayo ɗan littafi da biro ta rataya a wuya. Tambaya ɗaya ce ba ta taɓa rubutawa ba, don tana tsoron amsar.

Wata rana injin tura ruwan ya tsaya, Injiniya ta zo tun da sassafe ta cire shi ta tafi da shi gyara. Manaja ta shagala a kicin ba ta gaya masa ba. Da ta tuna ta yi maza ta rubuta, an kashe ruwa yau, sai gobe, ta yage takardar ta fita.

Yana zaune inda ya saba, fuska ga lemun tsami, ido a rufe, sukundirebar na kwance a ƙasa. Dutsen ya bushe, daron ba ko ɗigo. Kansa na gyaɗawa a hankali. Inuwarta ta faɗa masa ya buɗe ido, ya ce da ƙarfi, yadda kurame ke yi, "Manaja, zo ki ji. Ya kusa cika, ji yadda muryarsa ta yi kauri."

Ba daron ta duba ba, hannuwansa ta duba. Suna kan gwiwoyinsa a kife, shi kuwa cikin idonta yake kallo, fuskarsa a sake kamar ta yaron da zazzaɓi ya sauka masa.

Ta buɗe littafin ta rubuta tambayar: injin da ke kanka fa?

Ya karanta, ya yi dariya. "Wane inji? Ai ya tashi daga aiki tun watan jiya. Ban gaya miki ba?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba, tana nuna shi da biro alamar zai gamu da ita. Sannan ta dunƙule takardar farko ta cusa a aljihu, ta jawo kujerarta ta zauna tsakaninsa da daron, yadda ko ya waiga ita zai gani.